Ranar da Ustaz Ya Miƙo Mini Tiyo

Har yau in na ji warin robar da rana ta gasa, sai gabana ya faɗi. Da guntun tiyo ustaz ɗinmu na Ingilishi yake shiga aji a Gadarif, kuma yana da ƙa'ida: in ka kasa amsa tambaya, wanda ya amsa daidai shi zai dake ka.

Aji ɗaya muke da yayana, ko da yake ya girme ni sosai. Duk lokacin girbi Baba yakan tafi da shi yankan riɗi a Doka, kafin ya dawo an yi masa nisa. Haka ya yi ta maimaita aji har na cim masa. Ni kuwa ɗan firit ne, ba ni da amfani a gona, sai hadda. Go, went, gone, ina rera su kamar karatun allo, ban ma san dalilin da kalma ɗaya take sauya riga haka ba.

A gidanmu ko sunan Yaya ba na kira. Kakarmu ta sha ja mana kunne cewa wanda ya daki na gaba da shi, hannunsa shanyewa zai yi. Na yarda da ita har zuciyata.

Wata safiya, Yaya bai daɗe da dawowa ba, ustaz ya fito da shi ya rubuta yadda buy take komawa in abu ya riga ya wuce. Ya tsaya riƙe da alli, ya kasa rubutawa. Sai ustaz ya nuna ni. Na san amsar sarai, kuma ban taɓa jin tsoron abin da na sani ba sai ranar. Na yi niyyar ɓatawa da gangan.

Yaya ya danƙa mini allin, ya ce a hankali, "Rubuta daidai. In ka ɓata, ni da kai ne a gida."

Na rubuta. Ustaz ya miƙo tiyo, Yaya ya buɗe tafinsa, duk lauje ya farfasa shi. Na ɗan taɓa shi da tiyon.

"Da ƙarfi, ya walad!" in ji ustaz, wato "kai yaro" da Larabci.

"Yalla, maza daka," Yaya ya ce. "In ya karɓi tiyon, da kai zai fara."

Na rufe ido na daka. Na daɗe ina duba hannuna kowace safiya, ina motsa yatsu in ga ko sun fara bushewa. Da girbi ya zagayo Yaya ya tafi Doka, bai sake komawa makaranta ba.

Yanzu ni nake koya wa 'ya'yansa Ingilishi a tsakar gida. Kwanan baya ƙaraminsu ya gyara wa babbansu wata kalma, na yi saurin kallon babban. Babban kuwa dariya ya yi, ya matso kusa da ƙanen ya ce, "Sake faɗa mini."