Kwikwiyon da ya tare ragon suna

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da zuwa Greensboro ta Amurka daga Maraɗi ba, Allah ya ba mu 'yarmu ta fari. Tun ranar da aka haife ta na ƙudura a raina sunan mahaifiyata zan sa mata, wadda ta rasu ina nan ban samu zuwa jana'izarta ba. Da na sayi katin waya na kira mahaifina na gaya masa, sai ya ce abu biyu yake so. Na farko, ragon sunan ya zama lafiyayye, ba gurgu ba, ba mai ido ɗaya ba, ba mai rauni ko karyayyen ƙaho ba, tunda sunan matarsa ne zai dawo gida. Na biyu, kada a raɗa suna sai an yanka, kuma shi za a fara kira. Ya ce ranar zai zauna a shagon waya na unguwarmu yana jirana.

Na sha yawo kafin na samu irin ragon da yake nufi. A wata gona a McLeansville na same shi, wajen wani tsohon Bature mai ciwon gwiwa da ya saba sayar wa mutanenmu dabbobi, har yana bari a yanka a bayan rumfarsa. Shi kaɗai ne babban rago da ya rage masa, sauran duk ƙanana ne. Na duba haƙora, na duba idanu, na ɗaga ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, har tsohon ya tambaye ni ko likitan dabbobi ne ni a ƙasarmu.

Ranar suna, muna idar da asuba abokina ya zo da tasinsa ya ɗauke ni. Mutumin Tawa ne, shi zai yi yankan. Ni kuwa na sha farar shadda har da hula, wai ni angon ƙarni, kamar ba gona za ni ba. Mun bar gida cike da mata, Alhazai kuma sun fara taruwa a falo, ana jiran mu bugo waya.

Muna fitowa daga mota sai wani abu ya fito daga ƙarƙashin akori-kurar tsohon yana miƙa. Ni karnukan da na sani su ne na can gida, jajaye, ramammu, masu tafiya suna waige. Wannan ban taɓa ganin irinsa ba. Kwikwiyo ne, amma gashinsa ya fi na tunkiya kauri. Bayansa baƙi wuluk, ƙirjinsa fari fat, ƙafafunsa huɗu farare kamar an sa masa safa, kuma sun yi wa jikinsa girma. Wani farin layi ya taso daga goshinsa ya sauko har hanci, gefen idanun kuma baƙi kamar ya sha kwalli. Kunne ɗaya a tsaye, ɗayan ya karye ya kwanta. Jelar buzu-buzu ta naɗe ta hau gadon baya. Sai idanun. Na hagu ruwan ƙasa ne irin na kowane kare, na dama kuwa shuɗi ne mai haske, har ya kusa zama fari.

Ni da na kwashe mako ina leƙen idon raguna, nan take na yanke hukunci. Na ce wa abokina, "Allah sarki, hakiya ta cinye masa ido tun yana ƙarami." Ban tsaya nan ba, sai da na tattara ɗan Turancina na yi wa mai gonar jaje, na ba shi shawarar ya nema masa magani. Tsohon ya yi dariya har da riƙe gwiwa. Ya ce idon lafiyarsa ƙalau, haka aka haife shi. Uwarsa karyar kiwon tumaki ce, irin da suke kira boda koli. Ubansa kuma haski ne, irin karnukan da ke jan kaya a kan ƙanƙara, na maƙwabcinsa ne da ya tsallako shinge. Shuɗin idon da jelar na uba ne, sauran na uwa. Ya ce watansa biyar, kuma bai san me zai yi da shi ba, don taurin kansa ya yi yawa, in ka kira shi sai ya ga dama yake zuwa.

Kwikwiyon kuwa ya ga farar shadda ya nufo ni. Na yi abin da duk ɗan Hausa ya sani tun yana yaro, na duƙa kamar zan ɗauki dutse. A gida, kare ko na mafarauci ne in ya ga haka sai ya ba wandonsa iska. Wannan sai ya hau tsalle yana kaɗa jela. Na ɗauki guntun icce na wurga don in tsorata shi. Ya bi shi da gudu, ya ɗauko, ya zo ya ajiye a kan takalmina, ya zauna yana kallona. Na sake wurgawa da nisa, ya sake kawowa. Da na ƙi ɗauka, sai ya ɗaga baki sama ya saki wani dogon kuka mai hawa da sauka, ba haushi ba, kamar mutum mai kawo ƙara.

Abokina ya ce, "A'uzu billahi. Kukan kare da sassafe ranar suna? To, angon ƙarni, mu yi abin da ya kawo mu mu bar nan."

Muka jawo ragon bayan rumfa. Nan gardama ta tashi a kan alƙibla. Abokina ya nuna inda rana take fitowa ya ce gabas ke nan. Na ce a ƙasar nan ba gabas sak ake fuskanta ba, sai an karkata arewa, haka limaminmu ya ce. Yana nuni da hannu, ina nuni da hannu, kowa ya ɗauka igiyar tana hannun ɗan'uwansa. Kafin mu ankara rago ya fita ta ƙofar shingen da muka bari a buɗe.

Filin da ya shiga gangare ne, kuma a ƙarshensa titi ne da manyan motoci ke wucewa a guje. Ta gefe ɗaya kuma waya ce mai ƙaya. Muka bi shi muna ihu, ni ina tattare riga, hulata ta faɗi ban ko waiwaya ba. Duk kusantarsa da muka yi sai ya ƙara wuta ya nufi titin. Tsohon ba ya iya gudu, uwar kwikwiyon kuma tana wata gona tare da ɗan tsohon. Ko mota ba ta buge ragon ba, ya isa ya karye ko waya ta yage shi, shi ke nan ya tashi daga ragon da mahaifina ya ce. Ga shi babu wani, ga mahaifina can zaune a shagon waya cikin rana.

Sai na ga kwikwiyon ya fita kamar an harba shi. Bai bi bayan ragon ba, gefe ya yanka can nesa, har na ɗauka guduwa ya yi. Ashe zagaye yake. Kafin ragon ya kai bakin titi sai ga shi a gabansa. Na ɗora hannu a ka, don na tabbata cizo zai kai masa. Tsohon ya daka mana tsawa daga baya, ya ce mu tsaya cak kada wanda ya motsa.

Kwikwiyon bai yi haushi ba, bai buɗe baki ba. Ya kwanta, cikinsa a ƙasa, ya miƙa wuya, ya kafa wa ragon ido. Wannan ɗan abin da ɗazu yake tsalle a kan guntun icce ya koma wani daban, ko jelarsa ba ta motsi. Ragon ya tsaya yana huci, ya buga ƙafa. Ya yi hagu, kwikwiyon ya sulale ya tare. Ya yi dama, ya same shi a can. Da ran ragon ya ɓaci sai ya sunkuyar da kai ya kai masa karo, ya watsar da shi cikin ciyawa. Na ji ƙararsa har cikin raina. Kwikwiyon ya tashi, ya girgiza jiki, ya dawo daidai inda yake ya sake kwantawa, motoci suna wucewa ta bayansa.

Ragon da ya ninka shi nauyi, mai ƙaho, shi ne ya fara kau da kai. Ya juya a hankali ya fara hawowa gangaren, kwikwiyon yana biye da shi yana rarrafe, in ya tsaya shi ma ya tsaya, in ya karkace ya daidaita shi. Haka suka wuce ta gabanmu, mu manya biyu muna tsaye baki buɗe, har cikin shinge. Abokina sai "Subhanallah" yake ta maimaitawa ƙasa-ƙasa.

Na tambayi tsohon tun yaushe yake koya masa. Shi ma idonsa a kan kwikwiyon yake. Ya ce bai taɓa koya masa komai ba, ko kusa da tumaki ba ya barinsa zuwa. Shi ma yau ne ya fara ganin haka.

Na shafa ragon daga kai har kofato, ko ƙwarzane babu. Muka yanka, ta inda na ce kuwa, don abokina ya daina gardama. Na kira shagon waya aka miƙa wa mahaifina. Na faɗa masa sunan, ya yi addu'a. Sannan ya tambayi abin da ya tsayar da mu, na kwashe labari na ba shi. Mahaifina mutum ne da kare bai taɓa taka zaurensa ba, don haka na zaci faɗa zan sha.

Sai ya ce, "Ka fitar masa da kasonsa?"

Na ce, "Baba, kare ne fa."

Ya ce, "Na ji. Duk wanda ya yi aiki a suna ana fitar masa da kasonsa. Ka ba shi kafin ka ba kowa."

Na yanki tsoka mai kyau na ajiye a gabansa. Ya cinye, ya lashe baki, ya je ya nemo guntun iccensa ya kawo mini. Wannan karon na wurga masa da zuciya ɗaya.

Har yau in na tuna kwanciyar nan da ya yi a bakin titi sai in ji na ƙanƙance. Na je gonar ina ganin na san lafiyayyar dabba da mai aibi, sai ga halitta 'yar wata biyar ɗauke da sanin da babu wanda ya zuba mata shi sai wanda ya yi ta. Ban zama mai kiwon kare ba, amma tun daga ranar ban sake duƙa wa wani kare da niyyar jifa ba.

'Yar tawa yanzu ta girma. Duk lokacin da labarin ya taso takan ce da Hausarta mai gauraye, "Baba, wait, wato kare ne ya fara cin naman sunana?" Nakan ce mata ƙwarai kuwa, da umarnin kakanta, kuma a ranar ya fi ubanta cancanta.