Bayan da ɗana bai sani ba

Shekarun baya, lokacin da ruwan dam ɗin Goronyo ya fara isowa gonakinmu na Taloka, kowa ya koma noman albasa da rani, na haifi autana. Ban gama wankan jego ba na ji wani ƙulli a bayana, ƙasan allon kafaɗar dama. Tauri kamar dutse. Wanzami ya kafa ƙaho, ya ja jini har na ga jiri, ƙullin bai motsa ba.

Da aka kwashe albasa maigidana ya kai ni asibiti Sakkwato. Suka yanke shi. Kafin autan ya fara rarrafe ƙullin ya dawo, ya fi na da girma, ya riƙe min kafaɗa har hannu ba ya juyawa baya. Muka koma. Likita ya ce irin wannan ƙari ba safai ake ganinsa ba. Ba ciwon daji ba ne, ba ya yawo a jiki, ba ya kisa. Amma in an yanka yakan dawo da fushi, don haka a bar shi a riƙa dubawa.

Maigidana ya ce alhamdulillahi ya fi a ƙirga. Ni kuwa, da bakin nan nawa da bai taɓa koyon jiran izini ba, na ce, "Likita, yaushe zan goya ɗana?"

Ya yi 'yar dariya. "Baiwar Allah, ɗakin can mutane na mutuwa. Ke goyo kike tambaya?"

Da muka dawo gida aka soya masa aka raba sadaka. Daga ranar masu dubiya suka ɗauke ƙafa. An ce ba ya kisa, to mi za a zo dubawa? Ni ce dai ba na kwanciya rigingine, ba na ɗaga taɓarya, ɗankwali ma sai an ɗaura min. In na yi nishi surukata ta ce, "Ke ɗiyar nan, ki gode Allah. Wadda anka kai tare da ke daga Rara an rufe ta." Gaskiya ta faɗa.

Zanin goyo daidai kan ƙullin yake bi. Sai surukata ta yanke cewa ƙanwar maigidana, wadda ke zaune gidan tun rasuwar mijinta, ita za ta riƙa goyon yaron. Ni in ba shi nono, ita ta ɗauka. Ba ta taɓa yi min gori ba, kada in ɗauki alhakinta. Amma yaro baya yake sani. A bayanta yake barci, a bayanta yake leƙen duniya. In ya faɗi, sai ya rarrafo ya wuce ta gabana, ya je ya dafa bayan goggonsa.

Wata rana zazzaɓi ya kama shi, za a kai shi ɗakin shan magani. Na ce yau ni zan goya.

"Matar yaya, bari in ɗauka," in ji ta. "Za ki ji ciwo."

"Ke kika haife shi?"

Ta ɗora min shi, ta ja zanin ta ɗaure, don ko ɗaurin ba na iyawa. Muka bi bakin kwalbatin ruwa. Ciwon ya taso kamar ana murɗa min ƙarfe mai zafi, na cije leɓe na ci gaba. Wannan zan iya jurewa. Abin da ya karya ni shi ne yaron. Ya rasa inda zai sa kumatunsa, ƙullin na tokare shi. Ya yi ta banƙarewa yana tsala kuka, yana miƙa hannu baya wajen goggonsa. Ma'aikatan albasa suka ɗago suna kallon matar da ɗanta ke gudun bayanta. Na durƙusa nan bakin ruwa na ce, "Kwance shi." Tana ɗora shi a nata bayan ya yi tsit.

Ban sake gwadawa ba.

Bayan wasu shekaru ƙullin ya daina girma don kansa, zafin ya lafa. Likitan ya yi gaskiya, ga ni ban mutu ba, har na shiga makarantar manya da furfura na koyi rubutun da nake damun ku da shi. Amma lokacin da bayan ya warke, yaron ya riga ya fi ƙarfin goyo.

Shi ya sa in na je dubiya ba na tambayar ko ciwon mai kisa ne. Cewa nake, "Mi ciwon ya hana ki yi?" Za ku sha mamakin yadda mace ke fashewa da kuka don an tambaye ta.

Autan yanzu magidanci ne a Wurno. Yana girmama ni, yana ce min Inna, ba ya zuwa hannu wofi. Amma in ya shigo gidan, ƙafarsa ɗakin goggonsa take fara kai shi. Bai ma san yana yi ba. Ni kuma ina zaune ina jin muryarsu ta bango, ina jira a gama a zo gaishe ni.