Madacin Bakin Tafki da Gatarin Iya Fanna

Har gobe ba na manta ranar da na ƙwace wa Iya Fanna gatari. Lokacin ina sabon ma'aikacin gandun daji a Droum, ga kaki, ga zafin kai. Madaci ɗaya ne ya rage a bakin tafki, masu neman magani sun ɓare shi har ya fara zubar da ganye. Shef ɗinmu ya ce duk wanda na kama in sa sunansa a rapor, a hana shi taɓa itace.

Da hantsi na tarar da tsohuwar tana sara. Ita ce mai ba masu jego sassaƙe a ƙauyukan nan. Na fizge gatarin.

Ta ce, "Ɗan nan, ka iya karatun takarda. Zo ka karanta itace."

Ta nuna mini saranta, bai wuce tafin hannu ba. Bana gabas, baɗi yamma, kuma ta shafe wurin da laka. Sannan ta nuna inda 'yan kasuwa suka zagaye gindin don cika buhu, saura faɗin yatsa huɗu ɓawon ya yanke. Ta ce, "Ta nan kaɗai yake ci. Ranar da aka yanke nan, ya mutu." Wallahi kunya ta kama ni. Shekara biyu a lakwal, ba wanda ya koya mini haka.

Na koma biro, wato ofishinmu, na ce ba zan rubuta sunanta ba. Shef ya ce, "Doka doka ce." Na ce, "Ranka ya daɗe, in muka kore ta, mun kori mai gadin madacin." Sau uku ina komawa yana korata, a na huɗu ya hau babur ya zo ya gani. Ya miƙa mata gatarinta da hannu biyu.

Muka shinge gindin da ƙaya, ita tana shafa laka, ni ina ɗebo ruwa, har damina ta faɗi. Madacin ya yi toho. Ita kuwa ba ta sake saransa ba, ta ce majinyaci ba ya ba da jini.

Ku da kuke aiki yanzu, kafin ku ƙwace gatari, ku tsaya ku dubi saran.