Kafar da Gwaggo ta Toshe

A daminar bara mura ta kama ni a gidanmu na Bodinga, ta ƙi tafiya. Ta wuce hanci ta tare a goshi da ƙarƙashin idanu. In na sunkuya ɗaukar tsintsiya, sai in ji kamar an ɗora mini turmi a fuska, da hatsin a ciki, da mai dakan. Numfashina kuwa fito yake yi, har awaki su ɗago kai suna neman makiyayi.

Babu abin da ba a gwada ba. Kaka ta ɗiga mini man shanu mai ɗumi a hanci. Aka yanka albasa na shaƙa, na yi hawayen da zai shayar da fadama guda. Garin citta da kimba ya sa ni atishawar da ta kori kajin maƙwabta. Malam ya yi rubutu, na sha, na shafa. Da Baba ya gaji, ya aika a kira wanzamin garin Shagari ya tsaga mini goshi da kumatu, ya kafa ƙaho ya zuƙe mugun jinin. Na taɓa ganin yarinyar da ya yi wa haka, fuskarta kamar gonar da aka yi wa huɗa. Na kwana biyu ina shafa kumatuna ina yi musu bankwana.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta ji tausayina. Ta ce kafin wanzami ya iso, bari ta kai ni Horo Birni wajen wata tsohuwar Bafulatana mai surace. Muka hau jaki muka bi bayan ayarin fatake.

Bukkar tsohuwar tana can gefen gari, inda ko kuka shanu ba sa yi. Ta danna goshina da babban yatsa, na yi ƙara.

"Wanga ciwo baƙo na," in ji ta. "Ya samu ɗaki mai sanyi ya zamna. Ba a koran baƙo da wuƙa, zafi aka yi mai har ya tashi da kai nai."

Da rana tsaka ta dafa ɗoɗɗoya da tazargade da ganyen sabara, ta zaunar da ni gaban tukunyar, ta jefa duwatsun da suka yi ja a wuta ciki, ta lulluɓe ni da gwado. Gefe ɗaya ta ɗage kaɗan, kamar faɗin tafin hannu.

"Wagga kafa ta baƙon ta. Kada a rufe."

Ta tafi ɗebo wasu duwatsun. Ita kuwa Gwaggo mace ce da ko ruwan wankin gero ba ta bari ya zube a banza. Na ji tana gunaguni.

"Dubi tururi na ta fita. Wanga ai ɓarna ta."

Sai ɗan hasken da nake gani ya ɗauke. Gwaggo ta take kafar da ƙafa.

Duhu ya rufe ni, zufa na ɗiga daga haɓata. Da farko fiton hancina kawai nake ji. Na riƙe numfashi don in haɗiye yawu, fiton bai tsaya ba. Yana nan dab da kunnena na hagu, a hankali, yana shiga yana fita. Sai ya bar kunnena ya fara zagaya gwadon ta ciki. Ina jin saƙar tana motsi a bayana, tana motsi a gefena, kamar ana lalube. Da ya kai inda ƙafar Gwaggo take, ya tsaya.

Ni da ake cewa bakina ya fi kasuwar Dingyadi hayaniya, na buɗe shi, ko Gwaggo na kasa kira.

Fiton ya juyo. Na ji sanyi a leɓena na sama, cikin wannan zafin.

"Ke, ɗauke ƙafarki." Muryar tsohuwar ce, ba ta ko ɗaga ta ba.

Haske ya shigo. Wani abu ya ɓalle a goshina, hancina ya zubo da abin da ba zan faɗa ba don masu cin tuwo. Ƙanshin ɗoɗɗoya ya buge ni. A waje Gwaggo ta yi atishawa sau ɗaya.

Tsohuwar ta daɗe tana kallon ta.

"Tsaye kike bakin ƙofa tai," ta ce, ta juya ta shiga bukka.

Da muka koma gida mun tarar wanzami ya iso, ya shimfiɗa buzu a zaure, ya jera ƙahoni da aska. Ya danna goshina, ya danna kumatuna. Na yi masa dariya.

"Ɗiyag ga lafiyatta lau," ya ce wa Baba. "Wa kunka kira ni in yi ma?"

"Sannu da hanya," in ji Gwaggo daga bakin ƙofa. Muryar ta hanci ta fito, numfashinta yana ɗan fito yi, yi.

Wanzami ya ɗago ya dube ta, ya saurara. Ya fara mai da ƙahoninsa cikin zabira ɗaya bayan ɗaya.

"Wanga baƙo ba na aska ba na. Ku mai da shi inda kunka ɗauko shi."

Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba ya kama hanyar Shagari.