Kanif ɗin Kaka

Kakana na wajen uba malami ne, kuma da kansa yake feƙe alƙalumansa. Daga Arewa ake aiko masa da gamba a jirgin ƙasa. A shekarar da nake ajin ƙarshe na firamare, in na dawo daga lekol, wato makarantar boko, nakan zauna a bakin ƙofarsa ina kwance igiyar takalmi a hankali, don in kalli aikin.

Wuƙarsa ƙarama ce mai naɗewa, irin wadda mu a unguwarmu ta Briketeri muke ce wa kanif. Ƙotarta ta ƙaho ce, ta sha hannu har ta yi santsi. Ba ta da makulli. Wani siririn ƙarfe ne a bayanta yake tokare ruwan wuƙar in an buɗe, shi ma ya saki. In Kaka ya gama sassaƙa bakin alƙalami, sai ya juya wuƙar ya goge gamban da gadon bayanta har ya yi sheƙi. Wannan gugar tana tura ruwan wajen rufewa. A da ya san iyakar ƙarfin da zai sa, amma hannunsa ya fara rawa. Wata rana ta rufe masa a kan yatsa, jini ya ɓata buzu.

Baba ya baro tukubarsa ta suya ya zo da gudu, da ƙamshin yaji a rigarsa. Bayan an ɗaure yatsan ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a bar mana feƙen nan haka. Ni zan riƙa yi."

"Kai da kake yanka nama kamar kana faɗa da shi?" in ji Kaka. "Alƙalamin da wani ya feƙe, hannun wani yake bi."

Baffa, ƙanen Baba, shi ya raba gardamar. A nemo wuƙar da ba za ta rufe da kanta ba. In an samu, Kaka ya ci gaba. In ba a samu ba, ya haƙura. Kaka bai ƙi ba.

Baba ne ya fara kawowa. Tasa babba ce mai nauyi, da tagulla a kai da gindi. In an buɗe sai ta ce ƙas, ba ta ƙara motsi. Rufewa kuma sai an danna wani ɗan lotso a bayan ƙotar da babban yatsa. Kaka ya buɗe, ya feƙe alƙalami guda, ya goge shi da bayanta lafiya lau. Da ya zo rufewa ya danna har farcensa ya yi fari, ta ƙi. Ya miƙa wa Baba ita ta wajen ƙota.

Ta Baffa daga kasuwar Mokolo ta fito, baƙa, mara nauyi, da ɗan maƙali na rataye ta a aljihu. Baffa ya riƙa buɗe ta da yatsa ɗaya yana dubanmu. Makullinta a cikin ƙota yake, wani falle ne na ƙarfe da yake faɗawa bayan ruwan ya tokare shi. Kafin a rufe sai an ture fallen gefe, kuma yatsan da yake turewa a kan hanyar kaifin yake zaune. Inna, matar Kaka, ta leƙo ta gani.

"Wancan yatsan bai warke ba, ka kawo mai cin na biyu," ta ce.

"Inna, ai ta zamani ce."

"To zamanin ya yanke naka."

Ta uku maƙwabcinmu tela ne ya ba da aro. Ƙotar itace ce da ita, da zoben ƙarfe a wuya. In an buɗe sai a murza zoben ya tare hanyar ruwan. Ba dannawa, ba turewa. Ita ce ta fi daɗewa a ɗakin. Kaka ya riƙa murza zoben yana kallonsa ko ba aikin da zai yi. Sai damina ta kankama, itacen ya sha danshi ya kumbura, ruwan ya maƙale a ciki. Tela ya ce a riƙa buga gindin ƙotar a kan benci. Kaka ya ce shi ba zai zauna yana ƙwanƙwasa wuƙa kamar mai sallama a gidan mutane ba.

Baba ya ce to an gwada, magana ta ƙare. Ya feƙe alƙaluma biyu ya ajiye kusa da tawada. Kwanaki suka wuce ban ga bakinsu ya yi baƙi ba. Allunan suna jingine a bango, farare.

Ran nan na dawo daga lekol, Kaka ya ce, "Amarya, zo ki ara wa tsohon mijinki ido." Haka yake tsokanata. Ya ba ni allura da zaren ɗinkin takalmi in zura masa. Tsohon kanif ɗinsa yana buɗe a cinyarsa. Ya naɗe gaɓar da wani yankin fata, daidai inda zoben ta tela yake, ya ɗinke, ya bi da zare yana ja da haƙori.

Da Baba ya shigo, Kaka ya miƙa masa. "Rufe ta."

Baba ya danna bayanta da tafin hannu. Ya kifa ta a kan benci ya sake dannawa. Ba ta motsa ba.

"Amma Malam, yanzu ai ba ta naɗewa."

"Cewa kuka yi kada ta rufe."

Baffa ya yi dariya har da tari. Baba ya daɗe yana juya wuƙar, sannan ya ce sai dai a yi mata kube saboda yara. Kaka ya ce wannan kuma aikinsu ne. Ya jawo ɗaurin gamba, ya ce in matsa daga ƙofa, na tare masa haske.