Huraira Mai Waina da Baƙon da Ya Ƙi Faɗin Suna

A tashar baburan Randagi da ke Birnin Gwari, Huraira mai waina ta yi suna wajen hira tun tana amarya. Duk wanda ya zauna a bencinta, kafin miyar taushe ta huce ta san garinsu, ta san ciwon gwiwar kakarsa. Da zaman daji ya lalace, kowa ya koyi kame bakinsa, mijinta Ɗalha ya roƙe ta ta daina sakin baki da baƙin fuska, kada wata rana a ce ita ke kai wa ɓarayin daji labari. Ta daina, amma har ramewa ta yi.

Wata Laraba da sassafe, wani dattijon Bafillace ya iso tashar da rago a igiya, yana tambayar gidan wata mai jego da ake suna yau. 'Yan acaɓa suka ce ya faɗi sunanta. Ya sunkuyar da kai. Nan fa aka shiga kallon juna: mutum na neman mace, ya ƙi faɗin suna. Kowa ya juya masa baya. Ga rana ta fara ɗagawa, in ya ƙara jimawa sai dai ya tarar an shafa fatiha.

Huraira ta yi ta juya waina ɗaya a tanda har ta kusa ƙonewa. Ita ma fa, ɗanta na fari ya yi gemu, ba ta taɓa kiran sunansa ba.

"Bappa, 'yar fari ce, ko?"

Ya gyaɗa kai kamar an sauke masa kaya.

"To riƙe kunyarka. Ni zan faɗa."

Ta shiga jero masa masu jegon gari, don ba wadda ta haihu ba ta sani ba. Karima ta bayan masallaci? Ya girgiza kai. Muslimat matar tela? A'a. Da ta ce Bushira matar Mu'azu mai faci, sai dattijo ya kau da kai yana gyara igiyar rago, murmushi na neman ƙwace masa.

Tasha ta kaure da dariya. 'Yan acaɓan da suka share shi suka koma rige-rigen ɗaukarsa, aka ɗora rago a kan tanki yana ta kuka.

Washegari aka aiko wa Huraira naman suna, da labarin cewa kakan ya isa liman na gyara zama. Ya ƙi leƙa ɗakin mai jego, amma jaririyar sai da aka roƙe shi kafin ya sake ta.