Wakis ɗin da na sa wa tasin Baba

Ranar wata Alhamis da la'asar, saura kwana goma babbar Sallah, a shekarar da nake aji huɗu, Baba ya shigo lungunmu na Zangon Kumasi da tasinsa an yi mata sabon fenti. Ina cikin wasan ampe, na tsalle da tafi, da ƙawata Fuseina a ƙofar gida, ƙafata ɗaya a sama, sai na ji hon. Wallahi ban gane motar ba. Tsohuwar nan da muke turawa kowace safiya kafin ta tashi, mai tsatsa a gindin ƙofofi, ita ce ta dawo fara fat, kafaɗunta huɗu ruwan ɗorawa kamar na kowace tasi a garin. Shekara da shekaru Baba yana tuƙa motocin mutane kafin Allah ya ba shi wannan, ga shi yanzu ta yi sati biyu a unguwar Suame wurin mai feshin fenti. Ya ajiye ta a bayan gida kusa da bishiyar darbejiya, ya zagaya ta sau uku, ya ce duk yaron da ya ɗora mata yatsa zai gane kurensa.

Mu uku ne a ɗakunanmu biyu na wannan babban gidan haya: ni, da Baba, da Kaka, mahaifiyar Mma, wadda ke sayar da atamfa a kasuwa. Mma, mahaifiyata, ta rasu shekara biyu kafin nan. Tun daga lokacin na zama 'yar hannun daman Baba. Ni ke ɗebo ruwa a famfon bakin titi, in share tsakar gida, in sayo koko da ƙosai, in wanke masa tayoyi kafin in tafi makaranta. Washegarin zuwan motar zai bi wata babbar mota zuwa arewa ɗauko ragunan Sallah, tunda mai feshi ya ce a bar fentin ya ƙara bushewa kafin a fara ɗaukar fasinja. Da zai tafi ya dafa kaina ya ce, "Rukayya, ga amanarki. Saura wakis kawai. Shi ke ba ta ƙyalli, shi ke kare fenti daga rana da ruwan sama. In na dawo za mu zaɓa mata mai kyau." Na gyaɗa kai kamar wadda aka haifa a gareji. Halina ke nan tun ina ƙarama, kuma bai bar ni ba: gara in kwana cikin ruɗu da in buɗe baki in ce ban sani ba.

Kwana biyu da tafiyarsa hankalina ya tashi. Rana tana dukan motar tun daga hantsi, tsuntsaye suna kashi a kan rufinta, 'ya'yan darbejiya suna faɗowa tim tim, ga hadari yana haɗuwa kowace la'asar. A makaranta malami yana rubutu a allo, ni kuwa fenti nake gani yana ɓarewa. Na ce ina, ba zan jira dawowar Baba ba, ni zan sa mata wakis ɗin nan. Matsalar ɗaya ce, ban san mene ne shi ba. Na tambayi Malam Seidu mai gyaran takalma, ya nuna mini gwangwanin man goge takalmi, ya ce duk abin da ke ƙyalli a duniya da wannan ake goge shi. Amma nasa baƙi ne da ruwan ƙasa, motar kuwa fara. Anti Akosua, maƙwabciyarmu Ba'asanta, ta ɗauko jan man da take goge daɓen ɗakinta da shi, ta ce ko madubi bai fi daɓenta ba. Fuseina ta rantse cewa kyandir ne, ta ji yayanta ya faɗa. Har na goga guntun kyandir a ƙasan ƙofar baya, ya bar wani farin zane mai maiƙo, na kankare shi da farce ina salati. Mutum uku, amsa uku, kuma kowa ya faɗi tasa ba tare da ko ɗar ba. Kaina ya ɗaure tamau.

Sai na tuna ai a ɗakinmu ma kullum ana ambaton wakis. A Zango, atamfa mai daraja ita ake kira wakis, kuma ba wanda ya san ta kamar Kaka. Da yamma tana ninke kayanta na matsa kusa, na tambaye ta wane wakis ne ya fi ƙyalli, wanda rana ba ta cin sa, ruwa bai yi masa komai. Ban ambaci mota ba, don na san za ta ce in bar abin da ba a sa ni ba. Kai, ranar Kaka ta ji daɗi! Ta ɗauka jikarta ta fara sha'awar sana'a. Ta shimfiɗa mini turmi biyu, ta sa na shafa, na sunsuna, na juya bayansu. "Na gaske gabansa da bayansa duk ɗaya ne," in ji ta, "ba ya zuba, ba ya koɗewa, ko shekara nawa ya yi." Ina jin haka na ce to, ga shi nan. Rana ba ta cin sa, ruwa bai yi masa komai, ga ƙyalli. Daidai da maganar Baba. Abin da ya rage mini ɗan ruɗu shi ne yadda za a yi mota ta yi tafiya da zane a jikinta, amma na ce wataƙila sai ta sha shi tukuna, kamar yadda hannu ke shan lalle a cire.

Kayan sayarwar Kaka ban isa in taɓa ba. Amma akwai akwatin Mma a ƙarƙashin gado, kuma can ƙasansa akwai wani zanen atamfa yadi shida shuɗi mai zanen ƙananan tsuntsaye suna tashi, wanda ba a taɓa ɗinkawa ba. Baba da kansa ya sha gaya mini shi ya saya wa Mma ranar sunana, kuma a duk kasuwar babu wakis kamarsa. Tunda Baba ya faɗa, ban tsaya juya bayansa ba. Ranar Litinin, Kaka na fita kasuwa, ni da Fuseina muka shimfiɗa shi tun daga hancin motar har rufinta, muka danne gefen da duwatsu, muka maƙale sauran a ƙofofi. Masu wucewa suka yi ta dariya suna cewa motar direba ta riga kowa kwalliyar Sallah. Ni kuwa na ɗauka yabo ne, har ina amsawa da na gode.

Da la'asar aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ban damu ba, ai aikin wakis ke nan. Washegari rana ta buɗe da zafi, zanen ya bushe a jikin motar, da yamma aka sake wani ruwan. Ranar Laraba na je in duba ko ta sha. Zanen ya manne, sai da na ja da ƙarfi ya ɗago. Innalillahi! A kan farin bonet ɗin nan ga tsuntsaye shuɗɗa jere reras, kowane da fikafikansa. Na kawo sabulu da tsumma na wanke, na sake wankewa, suka ɗan dusashe amma suna nan. Na zauna a ƙasa na rasa ma kukan me zan yi. Kaka ta ce na gaske ba ya zuba, Baba ya ce wannan na gaske ne, to wa ya yi ƙarya? Ranar ko tuwo ban ci ba don tsoro da kunya.

Baba ya dawo ranar Alhamis da azahar, yana warin raguna, ko ruwa bai sha ba ya zagaya bayan gida. Na bi shi da zanen a hannu, Kaka ta biyo mu. Ya daɗe yana kallon bonet ɗin. Na faɗi komai a guje, har da man takalmi da kyandir, ina jiran mari. Kaka ce ta karɓi zanen, ta juya bayansa, sai ga shi fari-fari, bai kai gaban ba ko kusa. Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Wannan ai ba wakis ba ne, ɗana. An cuce ka a kasuwa tun ranar." Baba ya ce ba zai yiwu ba, ai Mma da kanta ta yi murna har da hawaye. Kaka ta ce, "Ni na haife ta, a cikin atamfa ta tashi. Tana taɓawa ta gane. Ta roƙe ni kada in gaya maka, kuma ta ƙi ɗinkawa don kada a wanke ya zuba ka ji kunya." Baba ya zauna a kan wani dutse. Ban taɓa ganinsa yana kuka ba, ko ranar jana'iza, sai ranar. Ni kuma na ƙara rikicewa, don ban san ko motar yake yi wa kuka ba ko Mma, ban kuma san ko an yafe mini ba.

Da safe ya ɗauke ni muka tafi Suame. Mai feshi ya shafa bonet ɗin ya ce abu ne mai sauƙi, launin bai shiga can ciki ba, da man gurza fenti zai fitar da shi kafin azahar. Baba ya ce a bar tsuntsayen, wakis kawai ya zo saya. Aka kawo gwangwanaye uku aka buɗe mana. Ashe wani abu ne mai kauri kamar man kaɗanya, mai ƙanshi. Akwai mai saurin ƙyalli da ke gushewa bayan ruwa biyu, akwai mai wuyar gogewa amma yana daɗewa. Baba ya ce in zaɓa, na nuna mai daɗewa. Mai feshi ya gargaɗe shi cewa ya jira wata guda, kuma duk abin da ya shafe da wakis ya rufe shi ke nan a ƙasa. Baba ya ce ya ji. Da watan ya cika, a inuwar darbejiya ya koya mini: a wanke, a bari ta bushe, a shafa kaɗan-kaɗan, in ya yi fari a goge da tsumma mai laushi. Da muka zo bonet ya karɓi tsumman daga hannuna, ya bi tsuntsayen ɗaya bayan ɗaya. Haka ya riƙa yi har motar ta tsufa, fasinjoji suna tambayarsa wa ya zana masa.

Yanzu ina da 'yar motata, kuma Baba ya bi Mma tuntuni. Kwanan baya na tsaya wani shago a Bantama sayen wakis, na tarar da kala-kala cike da kanta, na fesawa da na ruwa da na gwangwani, mai shagon yana ta zuba bayani har kaina ya sake ɗaurewa kamar ina aji huɗu. Wannan karon na daure na ce masa ban sani ba, ya nuna mini mai daɗewa. Na zo gida na goge ta, ta yi ƙyalli har ina ganin fuskata a jikin bonet. Na daɗe a tsaye da tsumma a hannu ina dubawa. Ba tsuntsu ko ɗaya a kai.